Yaƙin da Ba Ya Cikin Amsoshi

Kowace Asabar da hantsi, wani gidan tarihi a birnin New York yakan buɗe ƙofa kyauta ga baƙi masu shirin jarrabawar zama 'yan ƙasa. Ba a zama a aji. Malamar, Doreen Kowalczyk, takan zaga da su ɗaki-ɗaki, ta tsaya gaban zane ko tsohuwar tuta, ta ciro tambayar jarrabawa daga jikin abin.

Eleuterio Dimaculangan, wanda mutanensu ke kira Mang Teryo, ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da tarihi a wata sakandare a lardin Batangas na ƙasar Filifin, kafin 'yarsa ta ɗauko shi da matarsa Puring zuwa Amurka. Ɗansu Rodel yana can gida da iyalinsa, kuma doka ba ta yarda uba ya nema wa ɗansa mai aure izinin shigowa ba sai uban ya zama ɗan ƙasa. Mang Teryo ya riga ya faɗi jarrabawar sau ɗaya, domin jami'in yana son amsa a taƙaice, shi kuwa ya yi ta kawo sharhi. Saura masa dama guda.

Ran nan Doreen ta tsaya gaban wani akwatin gilashi mai ɗauke da kakin soja da ya koɗe.

"Baba Teryo, kai ne da wannan. Faɗi yaƙi ɗaya da Amurka ta yi a shekarun 1900."

Ya gyara tabarau, ya miƙe wuya kamar yadda ya saba a gaban allo.

"Yaƙin Amurka da Filifin. An fara shi a Fabrairun 1899, aka ce an gama a Yulin 1902."

Doreen ta yi murmushin da ake yi wa yaro mai ƙoƙari. "Ba na musu, Baba. Amma amsoshin da aka tsara biyar ne: yaƙin duniya na ɗaya, na biyu, Koriya, Biyetnam, da na Tekun Fasha. Ɗauki ɗaya ka huta."

"Malama, a ƙarshen 1901 sojoji sanye da irin wannan kaki suka kwashe ƙauyukan Batangas, suka tsare mutane a sansani, suka ƙone shinkafar da ta rage a gona. Kakata tana 'yar shekara shida. Su bakwai suka shiga, ita da uwarta kaɗai suka fito."

Sai Mofizul, direban tasi ɗan Bangaladash, ya kece da dariya.

"Kai, Farfesa! Jarrabawa ka zo ci ko diyya ka zo karɓa? Ni da ka gani, ko cewa suka yi doki ne ya kafa ƙasar nan, zan ce ranka ya daɗe, ina son sanin sunan dokin."

Wasu suka yi dariya. Doreen ta ce a hankali, "Wataƙila jami'in ya karɓa, wataƙila bai taɓa jin labarin ba. Ni dai ba zan ba ka shawarar gwadawa ba."

Puring ta matso, ta damƙi hannun rigarsa, ta yi magana da harshensu, murya ƙasa-ƙasa.

"Tsoho, kakarka ta mutu, ta huta. Rodel yana da rai. In ka sake yi musu wa'azin nan, wallahi kai za ka buga masa waya ka gaya masa, ba ni ba."

Mang Teryo ya dubi kakin. Maɓallansa na tagulla sun sha gogewa, suna ƙyalli. Akwai wanda aikinsa ke nan, kula da su. Ya tuna ɗaliban da ya taɓa kayarwa a jarrabawa saboda sun manta da wannan yaƙi, ya tuna jan alƙalamin da ya yi amfani da shi.

"To, Baba, mu sake," in ji Doreen. "Faɗi yaƙi ɗaya da Amurka ta yi a shekarun 1900."

"Yaƙin duniya na biyu."

"Madalla! Ka ga ai ba wuya." Ta tafa, sauran suka taya ta, Mofizul har da fito. Sai ta leƙa bayan ɗakin. "Na baya ba su ji ba, Baba. Ɗaga murya, ka sake faɗa musu."

Ya ɗaga murya, ya sake faɗa.