Kuɗin Kaset a Bakin Iyaka

Tun shekarar da suka yi aure, Lyndon Sawatzky da matarsa Corinne suka ƙulla yarjejeniya cewa duk abin da kuɗinsa ya haura dala ɗari, babu wanda zai saya sai ya shawarci ɗayan. Faston da ya ɗaura musu aure ne ya ba su wannan shawara, suka kuwa riƙe ta hannu biyu. Da ita suka mallaki gida a garin Altona na Kanada, da ita suka reni 'ya'ya uku har kowanne ya kama gabansa. Corinne ba ta taɓa ƙetare ta ba. Ko keken ɗinki da za ta sauya, sai da ta kawo maganar kan teburin abinci.

Shi ma Lyndon, da za a tambaye shi, cewa zai yi bai ƙetare ba. Makanikin injinan gona ne, ba ya fashin majami'a, kuma a cikin jama'arsu ta Kiristocin Mennonite ba a rantsuwa, domin i ɗin mutum ya wadatar. Abu guda ne yake ci masa aljihu, wato kiɗan metal na Kirista, mai rugugin ganga da kukan jita, wanda mawaƙi ke kwarara ihu da ayoyin Littafi Mai Tsarki. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansu ya jera fayafayan garmaho da na sidi da kaset-kaset, kanta bisa kanta.

Tsadar waɗannan kaya tana da dalili. A zamanin da aka buga su, shagunan littattafan Kirista sun ƙi karɓa saboda hayaniya, shagunan kiɗa kuma sun ƙi saboda sunan Yesu, don haka 'yan ɗaruruwa kawai ake bugawa. Cikin waɗannan ma iyaye sun zubar da da yawa a shara. Samarin wancan lokaci yanzu sun yi furfura, sun sami abin hannu, kowa yana neman abin da aka raba shi da shi, daga Brazil har Sweden, sai su haɗu a gwanjon intanet suna ƙure wa juna farashi. Ta nan Lyndon ya sami ƙofa. Gwanjo yakan fara daga dala ashirin, shi kuma a ransa da ashirin ya shiga. Abin da ya biyo baya ƙari ne na biyar-biyar daga kuɗin aikin da yake ƙarawa lokacin girbi, babu kuwa mai neman shawara a kan dala biyar. Sau ɗaya Corinne ta taɓa tambayarsa nawa ake sayar da faifai, ya ce sabo yakan kai talatin. Gaskiya ya faɗa. Ba ta tambayi kuɗin tsoho ba, shi ma bai tsawaita zancen ba.

Yawancin masu sayarwa a Amurka suke, kuɗin aiko da kaya Kanada kuwa wani lokaci yakan fi kuɗin kayan. Saboda haka, kamar maƙwabtansa da dama, Lyndon yana sa a kai masa saƙonsa wani ƙauye da ke tsallaken iyaka, gidan wani dattijo mai suna Duane Halvorson, wanda ya mai da garejinsa ma'ajiyar saƙonnin mutanen Kanada yana karɓar ɗan lada. Tafiyar ba ta da nisa. Yakan je shi kaɗai ranar Asabar, ya faɗa wa 'yan kwastan ainihin kuɗin kayan, ya biya haraji, ya shigo da kwalin gida ta ƙofar baya.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Lyndon ne da bakinsa ya yi ta yabon sauƙin da ake samu a gidan Duane, har Corinne, wadda take wuni a tsaye a kicin ɗin gidan kula da tsofaffi, ta yi odar takalman aiki ta sa adireshin can. A makon ne kuma wani kaset ya iso, na wata ƙungiyar mawaƙa daga jihar Ohio wadda sunanta yake nufin Garwashin Bagade. Shi kaɗai suka taɓa fitarwa kafin su watse, kuma yana nan cikin ledarsa ta asali, ba a taɓa farke ta ba. Dala ɗari uku da tamanin na Amurka ya tashi wa Lyndon.

Ya ce mata ta huta, zai karɓo mata takalman. Ta ce gwamma ta gwada su a can, in ba su yi mata ba ta mayar tun daga wancan gefen. Maganar ba ta da wurin kamawa. Suka shiga mota tare.

Duane yana zaune a bakin gareji da kofin gahawa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan bokiti.

"Ashe da gaske kana da mata, ɗan Kanada," in ji shi. "Na zaci kai da gangunanka kuke zaune."

"Rabin shekara a ƙarƙashin ƙasa yake yi," in ji Corinne. "Ƙamshin tsiran alade ne ke fito da shi."

Dattijon ya yi dariya, ya ɗingisa ciki ya fito da kwalaye biyu. Ya miƙa mata babban, ya riƙe ƙaramin yana juya shi. Ya ce wannan sai da ma'aikacin gidan waya ya sa shi ya rattaba hannu, abu bai fi sandar sabulu ba amma an naɗe shi kamar ƙwan zinariya, har da inshora. Lyndon ya yi maza ya tambaye shi lafiyar gwiwarsa. Duane kuwa ba a tambayarsa gwiwa ya taƙaita. Kafin ya gama labarin likita, Corinne ta gwada takalman, ta taka gaba da baya, ta ce sun yi. Sa'an nan ta ɗauki ƙaramin kwalin ta girgiza shi a kunnenta. Lyndon ya ji girgizar har cikin haƙoransa.

Tsakanin gidan Duane da ofishin kwastan hanya ce miƙaƙƙiya, gonakin da aka girbe dama da hagu. Corinne tana ta zancen takalmanta, tana cewa akwai wasu da suka fi kyau, amma sun haura ɗari, shi ya sa ta haƙura da na tamanin da tara. Lyndon yana amsa mata da kai, hankalinsa na kan tagar kwastan da ke gaba. Ya san jami'an wurin, su ma sun san shi. In ya ce kaset ɗin dala arba'in ne, da wuya a nemi takarda, mai yiwuwa ma a ɗaga musu hannu su wuce ba haraji. In ya faɗi gaskiya, matarsa tana zaune a gefensa da kunnuwa biyu. Ya lalubi wata magana da za ta tsaya tsakani, irin wadda ya saba samu, wadda ba ƙarya ba kuma ba ta fallasa ba. Sai dai tambayar kwastan ba ta da tsakani. Nawa, shi ke nan.

Wata jami'a mai suna Gauthier ce a tagar. Ta karɓi fasfo ɗinsu ta duba.

"Mista Sawatzky, yau da rakiya. Me kuka shigo da shi?"

"Takalma da kaset ɗaya."

Corinne ta miƙo rasit ɗinta ta gaban ƙirjinsa, ta faɗi kuɗin takalman.

"Kaset ɗin fa?"

Jami'ar ba ta ko miƙo hannu don takarda ba. Shekaru tana gwada maganarsa da rasit tana samun su daidai, har ta daina dubawa. Wannan ne ya fi yi wa Lyndon nauyi. Kalmar arba'in ta zo masa har kan harshe, ya san kuma in ya sake ta za ta wuce lafiya lau, domin gaskiyar da ya yi ta faɗa a wannan tagar ita za ta ɗauke ta a kafaɗa. Ya kama sitiyari da hannu biyu, ya dubi gilashin gaba.

"Dala ɗari uku da tamanin," in ji shi. "Na Amurka."

"Wannan ya ɗara na bazara," in ji Gauthier, ba da wata manufa ba, ta nuna musu inda za su ajiye mota su shiga su biya.

Corinne ta bi shi ciki. Ta tsaya a gefensa lokacin da aka juya kuɗin zuwa dalar Kanada suka haura ɗari biyar, aka kuma ɗora haraji a kai. Ta kalle shi yana biya. Ta ma gode wa ma'aikacin da ya ba su rasit.

Sai da suka bar ofishin a baya ta ce ya tsaya a gefen hanya, tana so ta ga abin. Ya yanke salatif da wuƙar aljihu, ya warware takardu, ya fito da kaset ɗin ya ɗora mata a tafin hannu. Ta dubi zanen da ke jiki, ta juya ta karanta sunayen waƙoƙin. Da ta kai farce kan ledar, sai ya ce kada ta farke, in an buɗe rabin darajarsa ta tafi.

"To, da me za ka saurara?"

"Waƙoƙin suna cikin wayata."

"Nawa ka saye su a waya?"

"Kyauta ne."

"Wato wanda kake ji kyauta ne, wanda ba za ka ji ba ɗari biyar."

Ya fara ba ta labarin yadda ya taɓa mallakar irin wannan kaset yana saurayi, mahaifinsa ya same shi ya farfasa da guduma a kan teburin aiki, ya ce Shaiɗan ne ya ari rigar majami'a. Ta bar shi ya kai ƙarshe. Sa'an nan ta ce ta san labarin tun kafin aurensu, ta kuma tausaya masa tun a lokacin.

"Amma ni ba babanka ba ce, Lyndon. Ban taɓa fasa maka kaset ba. Ihun nan yana ratso dabe ina ɗinki, ban taɓa cewa ka kashe ba."

"Ban taɓa yi miki ƙarya ba, Corinne."

"Na sani. Ka yi ta kewaya ta kamar mai gudun kududdufi. Matar kwastan ta san na bazara. Duane ya san da inshora. Ni da muke cin abinci a tebur ɗaya, talatin na sani."

Ya ce in tana so zai mayar da kaset ɗin gwanjo, ba zai rasa mai saye ba. Ta ce ba ta nemi haka ba, ya riƙe abinsa. Abu guda take so, ya sallami Duane. Daga yau duk abin da ya saya a kawo shi gida, ta ƙofar gaba. Ya ce kuɗin aikowa zai ninka, wani faifan ma sai ya biya kuɗinsa sau biyu kafin ya iso Altona. Ta ce ta sani, ya riƙa haɗa wannan cikin lissafi tun kafin ya taya. Ta mayar masa da kaset ɗin, ta ɗaura bel.

Ranar Litinin ya buga wa Duane waya. Dattijon ya ce tun da ya ga yadda Lyndon ya yi tsalle kan zancen gwiwa ya san ya yi asarar mai ciniki.

Bayan wasu makonni wani faifan garmaho ya fito a gwanjo, wanda Lyndon ya daɗe yana nema. Ya shiga da ashirin kamar kullum, ya bi shi biyar-biyar. Ranar da za a rufe, da yamma bayan sun ci abinci, farashi haɗe da kuɗin aikowa ya tsaya a casa'in da takwas, wani mutum daga Brazil yana kan gaba. Lyndon ya ɗan zauna da wayar a hannu a ɗakin ƙasa, sa'an nan ya hau matakala. Ya tarar da Corinne tana wanke kwanuka, ya nuna mata. Ta tsane hannu a tawul, ta nemo tabarau, ta tambaya wace ƙungiya ce, ko wannan kam za a iya ɗora shi a garmaho a ji, ko bangon bai yage ba. Ya amsa mata ɗaya bayan ɗaya, idonsa na kan wayar.

"To, ka iya kaiwa ɗari da talatin," in ji ta. "Kada ka wuce."

"An riga an rufe. Na Brazil ya ɗauka."

"Gaba sai ka hawo da wuri."

Ta miƙa masa tawul ɗin. Ya ajiye wayar a kan firji, ya fara goge farantai.