Ƙafar Gleb a Hanyar Mars

Ƙafar Gleb ta fara sanyi, amsa ba ta iso daga ƙasa ba.

Zarema, likitar kumbon, ta sake taɓa yatsun. Sun yi fari kamar kitse a kan miyar da ta huce. Akwatin kaya ne ya kwance da aka tayar da injin, ya matse masa ƙwauri da bango. Ƙashin ya karye, ya danne jijiyar jini. In ba a ja shi ya koma mazauninsa ba, ƙafar ta tafi. Ƙato irin Gleb kuwa ba a ja masa ƙashi yana farke.

Sai dai doka ta ce ba a yi wa kowa allurar barci sai da izinin ƙasa. An kafa ta tun zamanin da kumbo ke shawagi kusa da gida, ka yi tari a ji ka a Moscow. Yanzu kafin magana ta je ta dawo, an dafa dankali an cinye.

Gleb na ɗaure a jikin bango, gumi ya taru masa a goshi ya ƙi gangarowa. Ya tambaye ta ko ba ta ɓoye barasar vodka a jakar magani ba, a yi masa irin ta kakanni. Ta ce ya rufe mata baki, bakanike kawai.

Can amsa ta zo. Rustam, kwamandansu, ya ƙara muryar rediyo. Wani farfesa ne, yana magana ana jin ƙarar cokalin shayinsa. Ya ce kwamiti ya zauna, allurar barci tana da haɗari. A yi masa ta ƙashin baya, mai kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙafa. Sannan a sa masa matashi, kai ya fi ƙafafu tudu, don maganin ya gangara, kada ya hau ƙirji ya tsayar da numfashi.

Wani guntun baƙin burodi ya wuce ta gaban fuskar Zarema yana juyi a iska, don a cikin kumbo ba abin da ke faɗuwa.

"Rustam Ildarovich, nuna min tudu a nan. Nuna min gangara."

Rustam ya sunkuyar da kai. Ya ce a sake tambayarsu.

"A sake? Mutum goma sun zauna a kujera, kujera ta riƙe su, ba wanda ya tuna mu ba abin da ke riƙe mu. Wannan maganin in ya shiga bayansa, inda ya ga dama zai nufa."

Ta zura ƙafafunta a maɗauri, ta zuƙi maganin barci. Kumfa ta tsaya a tsakiyar sirinji, ta ƙi hawa. Ta wulwula shi da hannu har iskar ta koma baki, ta fitar. Rustam ya ce za su ƙwace mata takardar aiki. Ta ce su zo su karɓa, hanya a buɗe take.

"Gleb, ka yarda?"

"Yi, 'yar'uwa. Da ƙafa biyu matata ta ba ku ni."

Ta tura. Idanunsa suka tsaya, barci ya ɗauke shi. Ta kasa kunne ga numfashinsa, ta sa Rustam ya rungume cinyar ya tokare bango. Ta kama diddige ta ja, ta ja, har ƙashin ya yi ƙas.

Ta ɗora yatsa biyu a bayan ƙafar. Babu komai. Ta matsar da su kaɗan, ta jira. Sai ga jini, a raunane, yana bugawa.