Gayya a Gonar Baba

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma maganar da ke ciki ba irin wadda mace ke faɗi a kan mijinta ba ce. Maƙwabciyata Grace, wadda ke aiki a ƙaramin asibitin garinmu, ita ta matsa mani.

Sunan maigidana Maharazu. Kafin aurenmu ya daɗe a Funtuwa yana acaɓa, har hannunsa ya manta da garma. Daminar farko bayan an kawo ni, ya ce zai kai gayyar huɗa gonar Babana a Ruwan Godiya, kamar yadda kowane suruki ke yi. Ya tara abokansa, aka ɗauko Idi makaɗi da gangarsa. Mu mata muka kai fura da ruwa, muka zauna gefe a gindin ɗorawa.

Da suka jeru, kowa ya kama layinsa, sai abokinsa Abdulganiyu ya dube shi yana dariya.

"Ɗan acaɓa, wannan fa ba ta shan mai. Duƙawa ake yi."

"Kai dai ka biyo bayana, in ka ga ƙeyata," in ji shi.

Idi ya saki ganga, ya kama kiran sunan maigidan da na kakansa. Ban taɓa ganin mutum ya yi aiki haka ba. Kafin wasu su kai tsakiya ya kai ƙarshe ya juyo. Daga inda nake ina jin numfashinsa kamar zugazugin maƙera. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, rigarsa ta manne da bayansa. Da rana ta take, na ga ƙafafunsa suna rawa. Ya zagaya bayan gamba ya yi amai, ya dawo ya ɗauki garma.

Sauran suna zuwa suna shan ruwa. Shi kuwa ko kallon tulun bai yi ba, don Baba na zaune kusa da shi, kuma suruki ba ya ci ba ya sha a gaban surukinsa. Na roƙi Abdulganiyu ya kai mashi moɗa. Da ya kai, maigidan ya dubi wajen Baba, ya girgiza kai. Haka aka yi har la'asar, aka tashi da sauran gona ba a gama ba.

Washegari ya kasa tashi. Damatsansa sun kumbura, cinyoyinsa sun yi tauri kamar icce, hannu ya ƙi miƙewa. Inna, mahaifiyarsa, ta leƙo ta ce gajiya ce, in gasa mashi jiki da ruwan zafi in shafa man zafi. Na yi. Da yake ko bayan gida ba ya iya zuwa, na kawo mashi tsohon gwangwani na fita. Da na dawo ɗauka, fitsarin ɗan kaɗan ne, kuma launinsa kamar shayin da ba madara.

"Ki zubar, Ramatu," ya ce a hankali. "Kada kowa ya ji. Za a ce ɗan acaɓa ya kasa."

Na tsaya bakin ƙofa da gwangwanin a hannu. Inna na tsakar gida tana tsince wake, amma da wane baki zan yi mata maganar fitsarin ɗanta? Na rufe shi da leda, na sa cikin hijabi, na shiga gidan su Grace.

"Amarya da kanta?" in ji ta. "Yau bebiya za ta yi magana ke nan."

Na buɗe mata gwangwanin. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta tambaye ni abin da ya yi jiya, na gaya mata kaina a ƙasa.

"Ba gajiya ba ce kawai," ta ce. "In mutum ya tilasta wa jikin da bai saba ba, naman jikin dakuwa yake yi, ya saki datti cikin jini. Ƙoda ce ke tace shi. In ba ruwa a jiki sai ta toshe. Ki ɗauko mashi riga, ni zan gaya wa Inna."

Aka kai shi babban asibiti a mota. Suka ɗebi jininsa, suka sa mashi ƙarin ruwa, leda na ƙarewa ana rataya wata. Ina zaune gefen gado ina yi mashi fifita, shi kuma ya juya fuska bango. Na ɗauka fushi yake da ni. Wajen magariba fitsarin ya fara washewa, likita ya ce mun zo da wuri, amma sai ya yi makonni bai taɓa aiki mai ƙarfi ba. Da likitan ya wuce, sai na ji yatsunsa sun kama bakin hijabina.

"Hannunki bai gaji ba?" ya ce. Can kuma ya ƙara, "Da an sallame ni zan je in ƙarasa wa Baba sauran gonar nan. Ba zan bar ta rabi ba."

Na san halinsa, zai je. Ba zai ji maganata ba, ba zai ji ta likita ba. Mutum ɗaya ne in ya hana shi zai hanu.

Da gari ya waye na bar Inna a wurinsa, na hau motar Ruwan Godiya. Na iske Baba a zaure yana ɗaure ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ban tashi ba. Tunda nake ban taɓa yi mashi maganar mijina ba.

"Akwai magana ne, Ramatu?"

"Baba, shi ne yake kwance asibiti," na ce. "Ya ce zai dawo ya ƙarasa huɗar nan. Na zo in tafi da kai ka ce mashi ka yafe."

Baba ya aje fartanyar. Na miƙo mashi takalmansa.