Namijin Garken

Tahani tana yanka wa dinyoyi ciyawa a tsakar gida lokacin da babur ɗin Baffa Shahhat ya tsaya a ƙofa. Jiya aka yi arba'in ɗin mahaifinta, kujerun haya ma ba a zo kwashewa ba. Ba ta ɗago ba. Tun ranar jana'iza komai take ji kamar daga bayan bango.

Baffa ya shigo da kejin zarben dabino a hannu. Umda ya miƙe wuya ya yo kansa yana huci, ya cafki bakin jallabiyarsa. Cikin dinyoyi bakwai na gidan babu mai girmansa ko faɗansa, shi ya sa marigayi ya sa masa Umda, sunan da ake kiran dagaci.

"Kai, ɗan banza! Ko ni ba ka sani ba?" Baffa ya fizge rigarsa yana dariya. "Fauziyya, ina kwana? Na zo ɗaukar abin da muka yi magana."

Umma ta ajiye masa shayi a kan tabarma. Tun da marigayi bai bar ɗa namiji ba, Baffa ya shiga gado. Ya ɗauki jaki, ya ɗauki injin ban-ruwa. A garke kuwa ya ce shi ba mai haɗama ba ne, namijin kawai yake so, ya haɗa da matan da ke gidansa.

Namiji ɗaya ne a garken. Idan ya tafi, ƙwan bana ba zai ƙyanƙyashe ba, kuma 'yan tsakin da Umma ke kaiwa kasuwar Talata su ne abincin gidan.

"Baffa, ka bar mana shi zuwa bayan sanyi," in ji Tahani.

"Dakta ta yi magana." Ya kurɓi shayi. "Shekara biyar a jami'ar Fayyum, ga shi an dawo ana yankan ciyawa. To, Dakta, tunda kin karanci dabbobi, duba mana shi, kada ku haɗa ni da mara lafiya. Ko takardar ta bango ce kawai?"

Da can irin wannan maganar ba ta wuce Tahani. Ta taɓa tsayar da malami a aji, ta taɓa gyara wa likitan gwamnati allura a gaban manoma. Yau ta ajiye lauje ta tashi.

Ta kama Umda ta wuya, ta tattara fukafukan, ta zauna a kan bokiti ta kifar da shi a cinyarta. Ta lanƙwasa wutsiyar baya, ta danna da manyan yatsunta biyu. Gaban namiji bai fito ba. Ta san ba zai fito ba. Tun tana aji biyu a jami'a ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ruga ta gaya wa mahaifinta cewa Umda mace ce, namijin shi ne ɗan siririn nan mai ɗingishi da ke cin abinci a ƙarshe. Ranar ya yi dariya har da tari, ya ce, "Rufa masa asiri, 'yar nan. Kada ki tuɓe shi daga sarauta."

Jikin tsuntsuwar da ɗumi. Ƙirjinta na bugawa a tafin Tahani. A hannun marigayi take cin burodi kowace safiya, kuma bayan rasuwarsa kwana uku ta yi tana tsaye a ƙofar ɗakinsa.

A gefen kwatami ɗan siririn yana tsinkar ciyawa, babu mai kallonsa.

"To, me takarda ta ce?" in ji Baffa.

"Lafiya ƙalau yake."

"Namiji ne dai ko?"

"Kai ma ka gani, Baffa."

"Shekara biyar don a gaya mini abin da na hango tun daga ƙofa." Ya juya wurin Umma. "Da ɗinki kuka koya mata."

Tahani ta sa Umda a keji da hannunta, ta ɗaure murfin. Baffa ya ɗora a bayan babur. Ana jin kukan har ya sha kwanar magudanar ruwa, sannan aka daina ji.

Ta koma ta ɗauki laujen. Ta jira ko hawaye zai zo, bai zo ba.

Umma ta tattara kofunan shayi, ta tsaya a kanta.

"Da sanyi ya shigo Umda za ta yi masa ƙwai," ta ce a hankali. "Manya take yi."

Tahani ta dubi mahaifiyarta.

"Shekara shida ina kwashewa a ƙarƙashinta. Babanki ya ce kar in faɗa."

"Zai dawo, Umma."

"Ya dawo ya ce wa? Ya tsaya a masallaci ya ce namijinsa ya yi ƙwai?"

Babu wadda ta yi dariya. Tahani ta cika hannu da ciyawa, ta tsallake sauran, ta zuba a gaban mai ɗingishin. Ya ja baya, yana jira wani ya fara ci.