Sunan Cleavon a Takardar Marasa Lafiya

Shekara talatin da ɗaya ina dafa abincin da cocinmu ke kai wa marasa lafiya ranar Kirsimeti: kaza, ganye, burodin masara. Duk wanda aka karanta sunansa ranar Lahadi, za a yi masa addu'a, a kai masa kwano, maza su je su zauna da shi. Bana na kai sunan ɗana Cleavon, amma Dattijo Tolliver mai riƙe da takardar sunayen ya ƙi rubutawa.

Cleavon direban bas ne, shekararsa arba'in da shida. Tun da matarsa ta rasu a watan Yuli ya ja labule ya kwanta. Ba aski, ba ɗaga waya. Likita ta ce ciwon damuwa ne, ta ba shi magani, ta ce kada a bar shi shi kaɗai lokacin biki.

Tolliver ya ce, "Mama Ozella, takardar nan ta masu ciwon gaske ce. Ki rufa wa yaron asiri, ya dage da addu'a."

Na ce, "Addu'ar na zo nema, kai kuma ka kulle ta a aljihu."

Ranar Lahadi ya karanta suna goma sha ɗaya, har da Verlene mai ciwon ɗan yatsa. Ban yi boko ba, amma kunnena ƙalau. Na miƙe da sandata.

"Saura ɗaya."

Fasto ya ce, "Mama, a bari sai an tashi."

"Tun Yuli nake bari, Fasto. Cleavon Pettway, ɗana, ciwon damuwa gare shi. Ba lalaci ba ne, ba ƙarancin imani ba ne. Kai Tolliver, da ƙoda ta kwantar da kai, wa ya riƙa kai ka asibiti kafin ya tafi aiki, in ba Cleavon ba? Ka rubuta, ko kuwa ka ɗaura gyale ka shiga kicin da kanka, mu ga mai cin kazarka."

Wata daga baya ta ce, "Faɗa masa, Mama!" Aka yi dariya, ni ban yi ba. Ina tsaye har Tolliver ya zaro biro ya rubuta, na sa Verlene ta duba ta tabbatar min.

Ranar Kirsimeti da azahar maza uku suka zo, Tolliver da injin aski a leda. Cleavon ya daɗe kafin ya buɗe ƙofa. Bai yi magana sosai ba, ya ci rabin kwano, ya yarda aka rage masa gemu.

Da za su tafi, Tolliver ya tambaye ni a hankali har yaushe sunan zai zauna.

"Har ranar da ya zo ya goge da hannunsa. Alhamis kuma kai za ka kai shi wurin likita. Ƙarfe goma."

Ranar Alhamis, tara da rabi Tolliver ya zo.