Jar Hular Meirion

"Sa ta mana, Idwal. Ba za ta cije ka ba."

Meirion ne daga kan gadon jinya, yana miƙo jar hularsa. Idwal ya karɓa da yatsu biyu kamar an ba shi tsumman goge tukunya.

"Kanka ya fi nawa girma."

"Ai ka daɗe kana faɗa. Je ka tsaya, jirgin sha ɗaya ya kusa. So nake in ji usur ɗina."

Usur ɗinsa! Abin da ke cin Idwal ke nan shekara goma sha tara. 'Yar tashar jirgin ƙasan da ke bayan gidajensu ba a tsayawa a cikinta sai wani ya ɗaga hannu, kuma tsohon jirgin kwal ɗin 'yan yawon buɗe ido kawai yake ɗauka zuwa kan dutse. Idwal ke share dandamalin, shi ke cire ciyawa, shi ke kwashe kashin tumaki, duk kyauta. Meirion kuwa aikinsa ya fito da jar hula ya yi ta washe baki, direba ya busa masa usur sau biyu. Har a katin gaisuwa an buga hotonsa. Idwal ma yana ciki, ƙafarsa ɗaya da rabin tsintsiya.

Ya sa hular ya je ya tsaya. Jirgi ya zo yana huci, direba ya hango ja, ya busa sau biyu. Fasinjoji suka yi ta ɗaga hannu. Wallahi daɗi ya ji, har ya ji kunyar kansa.

"Ka ji?" in ji shi da ya koma.

"Na ji. Amma Eirlys ta ce tsayuwarka kamar ta mai jiran likitan haƙori."

Eirlys, matar Meirion, ta yi dariya tana zuba shayi.

Kwana tara ana haka. Rana ta goma da safe Eirlys ta tare shi a bakin ƙofa da farantin burodin da ba a taɓa ba.

"Ya tafi, Idwal. Ɗazun nan."

Ya daɗe tsaye. Sannan ya miƙa mata hular ya gangara tasha, kansa a buɗe. Yau kam shi za a gani. Da jirgi ya ɓullo ya ɗaga hannu, abin da bai taɓa yi ba tunda ba ya zuwa ko'ina. Jirgi ya ja birki ya tsaya.

Direban ya leƙo, fuska duk baƙin kwal. "Shiga za ka yi, baba?"

"A'a. Meirion ne ya rasu."

"Mai jar hula? Kai, Allah sarki! Jiya-jiya na gan shi a nan, garau da shi!"

Idwal ya buɗe baki zai ce ai shi ne sanye da hular jiya. Direban ya cire hularsa, idonsa ya kawo ruwa.

"Mutumin kirki. Dubi yadda ya riƙe tashar nan tsaf shi kaɗai. Kai baƙo ne a nan, baba?"

"Maƙwabcinsa ne," in ji Idwal.

Direba ya kama igiyar usur ya ja, bai saki ba, ƙarar ta cika kwarin har tumaki suka watse. Can sama, Eirlys tana bin tagogi tana sauke labule ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda suke yi in an yi rasuwa.