Kujerar Yaya Kafin Gyara

Mai Kushin bai taɓa zaton akwai ranar da zai riƙa wanke hannu don kawai ya taɓa waya ba. Shekara da shekaru yana gyaran kujeru a shagonsa mai ƙofar ƙarfe, tsakanin mai walda da mai sayar da labule, kuma tallarsa ɗaya ce tak: baƙo ya zauna a kujerar da ya gyara, ya ji daɗin zama, ya tambayi masu gida wa ya yi aikin. Da haka ya yi aure, da haka ya sa 'ya'ya a makaranta. Sai kasuwa ta fara ja da baya. Mutane suka koma sayen sababbin kujeru masu ƙyalli da araha, waɗanda ba sa daɗewa ƙafa ke karyewa, a yar a sayi wasu.

Maƙwabcinsa Mai Labule ne ya gano masa ciwon, ya kuma ba shi magani ba tare da an tambaye shi ba. Shi mutum ne da ko atishawa zai yi sai ya saita waya tukuna.

"Kai fa ba a san kana duniya ba," in ji shi. "In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Miƙo wayar nan."

Kafin shayin da ke gabansu ya huce, ya buɗe masa shafi a dandali biyar. Akwai na hotuna, akwai na gajerun bidiyo, akwai na zumunta inda tsofaffin abokan makaranta ke taruwa, akwai na saye da sayarwa, ga kuma na hira. Kowanne da nasa halin. Wannan yana son hoto a tsaye, wancan a kwance. Wannan sai ka yi magana, wancan sai ka sa kiɗa. Na bidiyon kuwa, in ka ɗan kwana biyu ba ka leƙa shi ba, sai ya yi fushi ya daina nuna ka ga kowa.

Tun daga ranar Mai Kushin bai sake samun sukuni ba. Zai ɗaga guduma, waya ta yi ƙara. Ya ajiye gudumar, ya goge gam daga yatsunsa, domin fuskar waya ba ta jin yatsa mai gam, ya duba, ya tarar wani ne ya rubuta "nawa?" Ya zauna ya yi masa bayani dalla-dalla, irin soso, irin yadi, mutumin ya ɓace ko sallama babu. Aikin da a da yake gamawa kafin rana ta take, yanzu sai yamma ta same shi a kai. Mabiyansa kuwa duk ya san su: matarsa, surukinsa, mai walda, da wani mutum mai tallar maganin ƙiba.

"Taura biyu ma ba ta taunuwa," in ji matarsa, ganin yana cin abinci da hannu ɗaya yana latsa waya da ɗayan, "kai ka cusa biyar a baki."

Ya san gaskiya ta faɗa. Amma tsoro ya fi gaskiya ƙarfi a zuciyarsa. Duk dandalin da ya yi niyyar bari, sai ya ji kamar can ne babban mai aiki yake jiransa.

"Matsalarka ɗaya," in ji Mai Labule wata rana, yana jingine da ƙofar shagon. "Kana nuna kujera bayan ta yi kyau. Wa ya damu da mai kyau? Mummuna ake so a fara gani. Kafin gyara, sannan bayan gyara. Kuma kafin ɗin ya yi muni sosai, irin wanda zai sa mai wucewa ya tsayar da yatsa." Ya kuma nuna masa dabarar da zai latsa sau ɗaya abu ya tafi duka wurare biyar, don ya rage masa wahala.

A cikin makon ne Yaya ta kira shi. Ita ce babbar yayarsa, ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ita kuma ta kama hannunsa ta kai shi wurin maigidan da ya koya masa sana'a. Har yau da furfura a gemunsa Auta take ce masa. Gidanta ne kaɗai yake shiga yana sallama yana ɗaga labule a lokaci ɗaya, ya buɗe tukunya ba tare da ya tambaya ba.

"Auta, kujerar nan ta gaji. Ka zo ka ɗauka in ka sami sarari."

Ya san kujerar kamar tafin hannunsa. Mai zaman mutum uku ce, marigayi mijin Yaya ya saya tun suna sabon aure. A kanta marigayin ya yi doguwar jinyarsa, domin in ya kwanta numfashi yana yi masa wuya, sai a zaune. Mai Kushin da kansa ya sha tallabo shi ya zaunar da shi a gefen dama, kusa da taga.

Da ya je, Yaya ta shiga kicin don ta haɗa masa shayi. Ya tsaya shi kaɗai a falo. Hasken taga ya sauka a kan kujerar daidai yadda Mai Labule yake cewa a nema. Yadin ya yage a hannuwa, soso ya leƙo ya yi baƙi, gefen dama ya lotsa ya yi rami. Zuciyarsa ta ce masa ga irin munin da ake nema. Ya zaro waya, ya ɗauki bidiyonta a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ya rubuta: "Wa zai yarda wannan za ta sake zama kujera? Ku biyo ni ku sha kallo." Ya latsa sau ɗaya, ya mai da wayar aljihu, ya karɓi shayinsa. Da ya shanye, ya tafi da kujerar shago.

Kujera kawai idonsa ya gani. Bai ga tabon ruwan da ya zubo a bango ba, bai ga bokitin da aka tara wa yoyon rufi ba, bai ga kwanon da ba a ɗauke ba, balle hoton 'yar Yaya na gama makaranta da ke rataye a sama. Abin da mutum ya saba gani kullum, ido ba ya tsayawa a kansa.

Washegari wayar ta kusa fashewa. Dubban mutane sun kalla. Har wani mai masaukin baƙi ya kira, da muryarsa ba rubutu ba, yana son a gyara masa kujerun ɗakin jira gaba ɗaya. Mai Kushin ya yi murna ƙwarai, ba zai ɓoye ba. Ya saya wa Mai Labule lemo, ya ce masa lallai ya yarda shi malami ne.

Sai da rana ta yi ya zauna karanta abin da mutane suka rubuta. Kaɗan ne suka yi maganar gyara. Wani ya ce a fara gyara rufin kafin kujera. Wata ta ce ita ko kyauta ba za ta sha ruwa a gidan nan ba. Wani ya tambaya wane ƙato ne ya haƙa rijiya a gefen dama, mutane da yawa suka bi shi da dariya. Nan ya gane ɗakin yayarsa ne ya baje wa duniya. Amma ya lallashi kansa da cewa Yaya ƙaramar waya gare ta mai maɓalli, wadda ko hoto ba ta nunawa.

Ya tashi ya fara farke kujerar. A cikin lungun da ke tsakanin mazauni da jingina ya tsinci abin da kullum ake tsinta: ƙaramin cokali, mataji, da ƙwayoyin magani da suka suɓuce daga hannun mara lafiya. Ya tattara su ya zuba a leda ya ƙulle. Haka maigidansa ya koya masa: abin da ka tsinta a kujerar mutane ka mayar musu a ƙulle, abin da ka gani a ɗakinsu kuma ka bar shi a ɗakin. Yana riƙe da ledar wayar ta yi ƙara. 'Yar Yaya ce, wadda ke aiki a wani kantin magani.

"Kawu, falonmu ne nake gani a wayar mutane?"

Kafin ya buɗe baki ta ci gaba.

"Abokan aikina ne suka gane hotona a bango. Kawu, wurin zaman Baba suke yi wa dariya."

"Mamanki ta gani?"

"Maƙwabciyarmu ta riga ni. Har gida ta kai mata."

Ya zauna a kan katako ya fara gogewa. Abin da ya tafi da latsa ɗaya, sai da ya bi shi ɗaki-ɗaki, kowane dandali da lungun da ya ɓoye wurin gogewa. Mai Labule ya leƙo, ya ga abin da yake yi, ya riƙe baki.

"Lafiyarka kuwa? Wannan ne fa ya fito da kai. Gobe ma an manta da gidan, kai kuwa sunanka ya tafi."

"Gidan yayata ne."

"To ai ba ka faɗi sunanta ba."

Mai Kushin ya koma kan wayarsa. Ya gama goge biyar ɗin, sannan ya tarar aikin banza ya yi. Wasu shafuka da bai san masu su ba sun riga sun kwafa, wani har ya ɗora masa kiɗan ban dariya. Ya rubuta wa uku daga ciki yana roƙo, ɗaya ya amsa masa da fuskar dariya, sauran ko kallo. Magana zarar bunu ce, ashe hoto ya fi ta.

Ya kira Yaya. Ta ɗauka, ta gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi kasuwa. Da ya fara kame-kamen ba da haƙuri, ta ce ba komai, ta ce ta ɗora tukunya. Ko sau ɗaya ba ta ce Auta ba. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Kwanakin da suka biyo baya wayar a aljihun tebur ta yi su. Ya rufe shafuka huɗu, ya bar na hira kaɗai inda masu aikinsa na gaske ke nemansa, kuma sai ya tashi daga aiki yake dubawa. Aikin mai masauki bai ƙi ba, yana da bakunan da zai ciyar, amma duk sanda ya tuna ta inda aikin ya zo sai ya ji ɗaci. Kujerar Yaya kuwa ya zauna mata sosai. Ya canza katakon da ya tsage, ya ɗaure sifirin, ya zaɓi yadi mai kauri ruwan ƙasa wanda ba ya nuna datti. A gefen dama ya daɗe tsaye da sabon soso a hannu kafin ya sa.

Da ya kai kujerar, shi da direban motar kaya suka sauke ta. Yaya ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta saki labule a bayanta.

"Sannu da aiki. Ku ajiye a nan, za mu shigar."

Tunda yake bai taɓa tsayawa a wannan gefen labulen ba. Ya sallami direban, ya dawo ya miƙa mata ledar. Ta kwance, ta ga cokalin da matajin, ta sake ƙullewa.

"Yaya, na yi laifi."

"Na ga ɗakina," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Shekara nawa ina cikinsa, ban san haka yake ba sai da na gan shi a wayar maƙwabciya. Tun ranar in na zauna sai in riƙa kallon bango." Ta dubi kujerar. "Ramin nan da suke faɗa, ai kai kake zaunar da marigayi a ciki."

"Ni ne."

Suka tsaya, kujera a tsakaninsu. Ita ma ta san kujerar ba ta shiga ƙofar nan sai an tayar da ita tsaye an karkata, kuma shi kaɗai ya san yadda ake yi. Ta dubi aljihun rigarsa, inda wayar ta yi tudu.

Ya sunkuya ya cire takalmansa. Ya zaro wayar, ya zura ta cikin ƙafa ɗaya, ya tura takalman gefe. Sai a lokacin ta ɗage labulen.

An shafe tabon bangon da farin fenti wanda bai dace da sauran ba. Bokitin ya koma bayan ƙofa, hoton 'yarta kuma an sauke shi, sai ƙusar. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ya shigar da kujerar, ya saita ta a mazauninta kusa da taga, ƙafafun suka faɗa daidai tsofaffin alamunsu a ƙasa.

Yaya ta zauna a gefen hagu, inda ta saba. Hannunta ya tafi gefen dama da kansa, ya shafa wurin, ya tarar da shi sumul.

"Ka cike," ta ce.

"Na cike, Yaya. Ba ta gyaruwa sai da haka."

Ta danna soson da tafin hannu. "Ya yi tauri."

"Sabo ne. Sai an yi ta zama yake laushi."

Ta ɗauke hannunta daga wurin, ta gyara zaninta.

"To zauna mana, Auta. Tsayuwar me kake yi?"

Ya zauna a gefen dama, a ɗarare. Daga waje wayar ta fara kuka a cikin takalmi, ta yi ta gaji, ta sake farawa. Yaya ta tambaye shi ko ya san wani mai gyaran rufi wanda ba ya surutu, ya ce shi zai hau da kansa.